Haɗa Bourbon A Ɗaki: Ina Ma'auni?

Bourbon giya ce ta Amurka, akasari daga jihar Kentucky. Dokarsu ta ce masara ta kai kashi 51 cikin 100 na hatsinta, ƙarfinta kuma kada ya gaza kashi 40. Tsohon haɗinta, Old Fashioned, sukari ne da ɗigon Angostura da ƙanƙara da ɓawon lemu.

Na ga abokaina suna kwaikwayon haɗin a ɗaki, suna tsiyayawa ba awo. A ganina nan haɗarin yake. Zaƙi da sanyi kan ɓoye ƙarfinta, har mutum ya wuce kima bai sani ba, ga lacca da safe. Shawarata, 'yan'uwa ɗalibai, a bar ta. Wanda ya ƙi ji, to ya auna. Rigakafi ya fi magani.