Littattafan Yara: A Tankaɗe Kafin A Tuƙa

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga Manzonsa (S.A.W.), muna so a wannan wata mu ja hankalin 'yan'uwa, musamman iyaye da malaman makarantun Islamiyya da na firamare a Yankwashi da Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, zuwa ga wani al'amari da ake ɗauka ƙarami alhali kuwa babba ne, wato littattafan da ake sakawa a hannun ƙananan yara.

Magidanci a wannan ƙasa tamu ba ya sayen akuya ranar kasuwa sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora. Ba ya karɓar irin gero ko na gyaɗa sai ya tambayi inda aka noma shi. Amma idan yaro ya zo da sunan littafi a takarda, sai a miƙa kuɗi kurum a ce a sayo daga Kazaure ko a yi sautu Kano, ba wanda zai buɗe shafi ɗaya ya ga abin da ke ciki. Alhali akuya in ba ta yi ba ana mayar da ita kasuwa, abin da ya shiga zuciyar yaro ɗan shekara bakwai kuwa da wuya ya fita.

Jama'armu sun kasu biyu a kan wannan batu, kuma muna ganin kowane ɓangare ya kauce wa hanya. Akwai masu cewa karatu karatu ne, duk abin da aka buga a takarda ilimi ne, a bar yaro ya karanta. Akwai kuma masu cewa duk littafin da ba na addini ba ƙarya ce da ɓata lokaci, a raba yaro da shi. Na farko sun bar ƙofa a buɗe ga kowane baƙo. Na biyu sun toshe ƙofar har iska ba ta shiga, sakamakon haka sai yaro ya tashi ba ya sha'awar karatu sam, ko kuma ya riƙa karanta abin da aka hana shi a ɓoye. Matsayinmu shi ne a auna kowane littafi da ma'aunin da ya dace da nau'insa, domin mudun gero daban, kwalbar man gyaɗa daban.

Kafin mu shiga nau'o'in, ya kamata a san girman matsalar. Rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Saboda haka duk mai son ya tace littattafai, to ya tuna cewa babbar cutar da ke damun yaranmu ita ce rashin iya karatun kansa. Idan an ɗauke littafi ɗaya daga hannun yaro, wajibi ne a sa masa wani wanda ya fi shi.

Littattafan koyon karatu

Ma'aunin wannan nau'i shi ne sauƙi da tsari. Littafin ɗan aji ɗaya ya fara da baƙaƙe da wasula, ya hau zuwa gaɓa, sannan kalma, sannan jimla gajera. Rubutun ya zama manya-manya, hoton ya dace da maganar da ke ƙarƙashinsa. A duba ko an rubuta haruffa masu lanƙwasa daidai, domin yaron da littafinsa bai bambanta ƙafa da kafa ba, ko ɓata da bata, to tun farko an koya masa kuskure. 'Yan'uwanmu na Babura da ke kusa da iyakar Nijar su lura cewa ƙa'idar rubutun can ta ɗan sha bamban da tamu, misali wajen rubuta harafin farko na kalmar 'ya'ya. Wannan ba aibi ba ne, amma malami ya bayyana wa yaro don kada ya ruɗe.

Iyayenmu sun koyi karatu da Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, waɗanda aka buga a Zariya, kuma sirrin nasararsu shi ne hawa-hawa. A zamanin baya-bayan nan, bayan shekarar 2015, an shirya littattafan Mu Karanta don makarantun Bauchi da Sakkwato, da na shirin RANA don Katsina da Zamfara, duka da Hausa kuma bisa wannan tsari na bin sautin harafi. Ke nan ba a rasa abin koyi ba.

Tatsuniyoyi da ƙagaggun labarai

Nan ne saɓani ya fi yawa. Wasu 'yan'uwa na tambaya, shin ƙagaggen labari ba ƙarya ba ne? Amsarmu ita ce, ƙarya ita ce ka faɗi abin da bai faru ba da nufin a gaskata ka. Wanda ya ce ga ta nan ga ta nanku ya riga ya sanar da yara cewa misali zai buga. Tun a ƙarni na 8 Miladiyya Ibnul Muƙaffa'i ya mayar da Kalila wa Dimna zuwa Larabci, dabbobi na magana a cikinsa, kuma Musulmi suka yi ta karanta shi ƙarni bayan ƙarni don koyon hikima da fasahar harshe.

Abin tambaya a nan shi ne, wa ya yi nasara a ƙarshen labari, kuma da me ya yi ta? Idan maƙaryaci ne ya tsira da dukiya, mai gaskiya ya wulaƙanta, kuma marubuci yana tafa wa maƙaryacin, to wannan littafi yana rushe abin da ake ginawa a gida. Idan kuwa an nuna mugunta don a ga ƙarshenta, babu laifi. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito sakamakon gasar 1933, ya ƙunshi neman asiri don ɗaukar fansa, amma ƙarshensa halaka ce da nadama. Ya dace da ɗan sakandare wanda malami zai zauna da shi ya nuna masa haramcin zuwa wurin boka. Bai dace da ɗan aji uku ba. Haka Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai bayyana baƙin cikin cinikin bayi da rabuwar uwa da ɗa, sai yaro ya ɗan yi hankali zai amfana da shi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam cike yake da ban dariya da daɗin Hausa, sai dai yawancinsa ramuwar keta ce tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, don haka yana buƙatar babba a kusa wanda zai ce, wannan abin dariya ne, ba abin koyi ba.

Magana Jari Ce, wanda ya fito littafi uku tsakanin 1937 da 1939, darasi ne babba ga masu tsoron duk abin da ya fito daga waje. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya tankaɗe su, ya sa musu rigar Hausa, har mai karatu ya ɗauka a ƙofar gidansu abin ya faru. Aikin da muke kira a yi ke nan yau. Littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, na farkon shekarun 1970, su ma taska ce ga 'yan firamare. Wayon Gizo da wautar Kura ba sa ɓata aƙida muddin uwa ko malama za ta tambayi yaro a ƙarshe, me ka gani a halin Gizo? Abin da za a yi hattara da shi shi ne labarin da ke koya wa yaro tsoron aljanu fiye da tsoron Allah, ko yake nuna laya da tsafi su ne ke ceto.

Littattafan soyayya

Tun daga ƙarshen shekarun 1980 littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano suka cika gari. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, a 2007 kuma aka ƙona tarin irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano. To, shin karanta su ya tsaya? Bai tsaya ba, sai ma ya koma cikin waya, inda babu bango balle a ga sunan littafi. Adalci ya sa mu faɗi cewa ba dukansu ne na batsa ba. Akwai masu magana a kan zaluncin kishiya da wulaƙanta maraya da sakin aure barkatai, kuma mata da yawa ta nan suka goge a karatun boko. Amma don manya aka rubuta su. Yarinya 'yar aji biyar da ta ɗauki na yayarta, yawanci don ba ta sami nata ba ne. Maganin abin shi ne a cike wannan gurbi da labarai masu daɗi da suka dace da shekarunta.

Littattafan addini

Kada wani ya ɗauka cewa duk littafin da aka zana masallaci a bangonsa ya tsallake tacewa. Wannan nau'i ne ma ya fi buƙatar ta, domin yaro yana ɗaukar abin da ke ciki a matsayin addini. Ahalari da Ishmawi da Arba'una Hadisan na Imamu Nawawi da Khulasatu Nurul Yaƙin sanannu ne, an san mawallafansu, malamai sun daɗe suna karantar da su. Damuwarmu ita ce ƙananan littattafan da ake tallarsu a tasha da ƙofar masallaci, babu sunan marubuci, babu na maɗaba'a. A cikinsu ake samun hadisan da ba su da asali, da ƙissoshin Annabawa da aka cakuɗa da tatsuniya, da addu'o'in da aka jingina musu falalar da babu hujja a kanta, har da ayoyin da aka yi kuskuren wasali wajen bugawa. Ma'auni a nan shi ne, wa ya rubuta, daga ina ya ciro, wane malami ya duba? Sannan a dubi salon. Littafin da ba ya ambaton komai sai azaba ga yaro ɗan shekara shida, ya manta da rahamar Allah, ya gaza ko da duk abin da ya faɗa ingantacce ne.

Kimiyya da tarihi

Ma'aunin waɗannan shi ne ingancin bayani da kusanci da rayuwar yaro. Littafin da har yanzu yake sa Kazaure a cikin Jihar Kano ya tsufa, tunda an ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991. Littafin kimiyyar da misalansa duka dusar ƙanƙara ce da tufa, yaron Gwiwa zai haddace shi ba tare da ya fahimta ba. A ba shi wanda zai bayyana masa dalilin da ya sa randa ke sanyaya ruwa, da yadda wake ke ƙara wa gona ƙarfi, da yadda sauro ke yaɗa zazzaɓi. Ikon Allah na East da Imam ya bi wannan hanya tun da daɗewa, ya bayyana halittu da Hausa mai sauƙi. Umaru Dembo kuma ya nuna a Tauraruwa Mai Wutsiya, na 1969, cewa ana iya ɗaukar yaron Hausa a kai shi sararin samaniya cikin labari.

Littattafan Turanci

A watan Oktoba na 2023 Gwamnatin Jihar Kano ta haramta wasu littattafai shida a makarantu, ciki har da Queen Primer, wanda ya daɗe ƙwarai a hannun 'yan nazare. Abin da ya ta da ƙura a kansa wata kalma ce wadda a tsohon Turanci take nufin fara'a, a yau kuma aka fi saninta da ma'anar luwaɗi. Darasi biyu muka gani a nan. Na ɗaya, shekara da shekaru littafin na cikin jakar yara, mafi yawan iyaye ba su taɓa buɗe shi ba. Na biyu, tacewa aikin masu ilimi ne, domin sai wanda ya san harshen da tarihinsa zai bambance mugun nufi da canjin ma'ana da zamani ya kawo. Hukunci ba tare da sani ba yana zubar da mutuncin mai gyara.

Abin da muke kira a yi

Muna kira ga kowace makarantar Islamiyya da ƙungiyar iyaye da malamai a waɗannan ƙananan hukumomi biyar su kafa ɗan kwamiti na mutum huɗu ko biyar. A sa malamin addini, da malamin Hausa ko Turanci, da uwa aƙalla ɗaya, domin mata su suka fi sanin abin da yara ke karantawa a ɗaki. Kada kwamiti ya yanke hukunci a kan littafin da bai karanta daga farko zuwa ƙarshe ba. Ya kasa littattafai kashi uku: wanda yaro zai karanta shi kaɗai, wanda sai da babba a kusa, da wanda za a ajiye. A rubuta dalili da shekarun da littafi ya dace da su, a liƙa a bangon makaranta.

Sannan kowace makaranta ta tanadi akwati ɗaya na aron littattafai, ko da guda talatin ne. Masu hali daga cikinmu da ke Kano da Kaduna da Abuja su sani cewa wannan ma sadaka ce mai gudana. Ɗalibanmu na manyan makarantu, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, su gwada rubuta gajerun labarai a kan rayuwar yaran ƙauyukanmu, malamai su duba musu. Kai kuma uba, ko da ba ka yi boko ba, ka sa yaronka ya karanta maka shafi biyu bayan sallar isha'i, ka tambaye shi abin da ya fahimta. A cikin mako guda za ka san abin da ke jakarsa, za ka kuma san ko ya iya karatun ko haddace shi yake yi.

'Ya'ya amana ce, kuma kowane mai kiwo za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya sa mu fita haƙƙinsu.