Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kano



Daga Bacirawa nake rubuto maka kan maganar da muke yi a ɓoye: mutanen da ke kashe kansu. In abin ya faru sai a ce rashin tawakkali ne ko shafar aljanu, a rufe zancen. Addini ya haramta, babu mai ja. Amma akwai ciwo a ƙarƙashin abin, ciwo kuwa aikin ma'aikatarka ne.

Tun 1976 likita Marie Åsberg ta ƙasar Suwidin ta gano cewa masu ciwon damuwa da alamar sinadarin sirotonin ta yi ƙasa a ruwan lakarsu sun fi yin wannan yunƙuri. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ne linzamin mutum, shi ke ce masa ya dakata, kuma ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Bashi, duka tun yarinta, rashin barci da dogon ƙunci suna sa jiki ya yi ta zubo da kotizol, sinadarin firgici, har linzamin ya saki. Tiramadol da kodin kuma su ƙara lalata shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, yanayin da mutum ke jin zai kashe kansa sau da yawa ba ya daɗewa, mintuna ne ko 'yan sa'o'i, kuma mafi yawan waɗanda suka tsallake shi suna ci gaba da rayuwarsu. Ke nan abin da ke kusa da hannu a wannan lokacin shi ke raba gardama. Leƙa gidajenmu na manoma ka gani: fiya-fiya a kan taga, maganin feshin wake a ƙarƙashin gado, an juye shi a robar lemo ba ko takarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya maganin ƙwari ne ajalinsu. Siri Lanka ta hana sayar da mafiya haɗari, sai mace-macen suka ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015. Mu kuwa NAFDAC ta hana tallan ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper tun 2019, amma har gobe yaro zai sayo fiya-fiya ba wanda zai tambaye shi. Ku haɗa hannu da ma'aikatar gona a bi shagunan nan, a koya wa manoma kulle maganin feshi nesa da ɗakin kwana.

Asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ba nisa, amma wa zai kai 'yarsa can in ta daina magana bayan haihuwa? Tsoron bakin mutane ya hana. A horar da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi su gane ciwon damuwa, su yi tambaya kai tsaye, su ba da magani. A jawo limamai da ungozomomi, don su ake fara kai wa kuka.

Sai sashe na 231 na dokar final kod, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Shi ya sa iyaye ke ɓoye mai ciwo maimakon su garzaya da shi asibiti. Gana ta soke irin wannan hukunci a 2023. Ranka ya daɗe, ka kai maganar gaban Majalisar Dokokin Jiha a gyara wannan sashe.

Wassalam.