Zogale, Gyaɗa Da Sankarar Hanta

Da wuya mutum ya ratsa kasuwar Ƙauran Namoda ko ta Shinkafi a 'yan shekarun nan bai ji mai lasifika yana tallar garin zogale ba, yana rantsuwa cewa yana kashe sankara, har yana kafa hujja da cewa ai Turawa ma sun bincika sun tabbatar. An yi bincike kam, amma abin da binciken ya nuna dabam ne da abin da masu talla suke faɗi. Ya kamata ma'aikatan gwamnati da ɗalibai su san bambancin, domin su ne mutanen ƙauye kan tambaya kafin su saya.

Mutumin da ya fi yin suna a wannan fanni shi ne Farfesa Paul Talalay na Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, wanda aka haifa a Berlin a 1923, ya rasu a 2019. A lokacin da yawancin masana suka duƙufa wajen neman maganin sankara bayan ta kama mutum, shi kuwa sai ya koma ga tambayar yadda za a hana ta kamawa tun farko. Ya lura cewa jikin ɗan Adam, musamman hanta, yana da wasu sinadarai nasa na kansa masu kama guba su fitar da ita kafin ta lalata ƙwayoyin halitta. Sai ya shiga neman abincin da zai ƙara wa waɗannan sinadarai kuzari.

A 1992 shi da abokan aikinsa suka ware wani sinadari mai suna salforafen daga burokoli, wani ganye ɗan uwan kabeji. A 1994 suka nuna cewa yana rage fitowar ƙari a nonon ɓerayen gwaji. A 1997 kuma suka gano cewa tsiron burokoli ɗan kwana uku ya fi babban ganyen ƙunsar tushen wannan sinadari ninki goma zuwa ɗari. Zogale ya shigo cikin maganar ne saboda shi da kabeji da burokoli dangin juna ne a wajen masana tsirrai, kuma ganyensa yana ɗauke da wani sinadari mai kama da salforafen. Abokin aikin Talalay, Dokta Jed Fahey, ya yi rubutu a kan zogale a 2005, inda ya yaba amfaninsa na gina jiki, ya kuma ja kunne cewa yawancin abin da ake faɗi game da maganinsa ba a gwada shi a kan mutane yadda ya kamata ba.

To, mene ne haɗin wannan da mutanen Banga da Zurmi da sauran ƙasar Zamfara ta arewa? Haɗin shi ne gyaɗa. Tun da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa ta zama arzikin yankin, kuma har yau ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da kunun gyaɗa ba su rabuwa da gidajen jama'a. Sai dai idan gyaɗa ko masara ta sha fari a ƙarshen damina, ko aka tara ta ba ta gama bushewa ba, wata irin fumfuna takan kama ta, ta zuba mata guba mai suna afulatoksin. An gano wannan guba ne bayan da talotalo kimanin dubu ɗari suka mutu a Ingila a 1960, saboda cin tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Brazil. Suya ba ta kashe ta, dafuwa ma haka. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar hanta, kuma haɗarin yakan ninka sosai ga wanda yake ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda ta yawaita a ƙasar nan.

Irin wannan matsala ce ta addabi gundumar Qidong a ƙasar Sin, inda mutane suka dogara da masara. A can ne Farfesa Thomas Kensler da abokan aikinsa suka gwada ra'ayin Talalay a kan mutane. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna cewa cikin mutum 200 da aka yi gwajin da su na mako biyu, waɗanda jikinsu ya fi tsotsar sinadarin daga ruwan tsiron burokoli sun fi nuna raguwar alamar ɓarnar guba, amma jikin wasu bai tsotsa sosai ba. Abin da ya fi rage sankarar hanta a Qidong shi ne komawar jama'a daga cin masara mai fumfuna zuwa cin shinkafa tun cikin shekarun 1980. Wato dai kawar da gubar daga abinci ya fi duk wani ƙari da aka yi a kan abincin tasiri.

Saboda haka lalle ne a ci zogale, a yi kwaɗonsa, a sa shi a miya, a dasa shi a kowane gida da kowace makaranta, domin abinci ne mai gina jiki kuma mai araha. Amma babu wani gwaji da ya tabbatar cewa yana warkar da sankarar da ta riga ta kama mutum. Matar da ta ji ƙullutu a nono, ko magidancin da cikinsa ya kumbura idonsa ya yi rawaya, idan suka ɓata wata shida suna shan garin zogale, sun yi asarar lokacin da likita zai iya taimakonsu.

Aikin da ke gaban hukuma a fili yake. Malaman gona su koya wa manoma shanya gyaɗa a kan tabarma ko tamfol maimakon ƙasa, da tsince ruɓaɓɓiya a zubar da ita, kada a sayar wa masu ƙuli-ƙuli da araha, da kuma gyara rumbu don kada ya yi yoyo. A kai wa manoma Aflasafe, wanda cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan ta samar don rage wannan guba tun daga gona. Allurar rigakafin cutar hanta nau'in B ta shiga jerin alluran yara na ƙasa tun 2004, amma ba ta da amfani ga jaririn da ba a kai masa ita ba, musamman a ƙauyukan da rashin tsaro ya raba da asibiti. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna kuma ta sa ido a kan masu tallar ƙarya.

Bugu da ƙari, akwai nauyi a kan masana. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, duk suna zaune a inda zogale da gyaɗa suke tsirowa. Talalay ya shafe shekaru da dama yana bincike a kan ganye ɗaya. Idan gwamnati ta ba ɗalibai da malamansu kayan aiki da kuɗin bincike, su ne za su iya auna yawan gubar da ke cikin ƙuli-ƙulin kasuwannin Zamfara, su kuma gwada zogalen ƙasar nan a kan ƙa'ida, domin jama'a su san iyakar amfaninsa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin sankarar hanta yana farawa ne daga wurin shanya gyaɗa da ɗakin allurar jarirai. Allah Ya ba shugabanni ikon kula.