Satar kayan mota: ɓarawo ke fasa gilashi, amma mai sayen na arha ne ke ba shi aiki

Rabin awa ya isa. Mutum ya ajiye motarsa a gefen titi ya shiga sallar Juma'a, ko ya leƙa ɗaurin aure, ko ya shiga asibiti duba mara lafiya. Yana fitowa sai ya tarar da ɓarɓashin gilashi a kan kujera, ga rami a inda rediyo yake, wayoyi na reto. Wani lokacin ko gilashin ma ba a fasa ba, domin zafin watan Afrilu ya sa ya bar tagar a ɗan buɗe don kada cikin motar ya zama tanda, ɓarawo kuma ba ya buƙatar fiye da wannan ƴar kafar. Duk mai mota a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, in abin bai taɓa faruwa da shi ba, to ya san wanda ya faru da shi.

Abin da ke biyo baya ma kusan iri ɗaya ne. Jama'a su taru, a yi salati, a yi wa ɓarawo Allah ya isa, a ce ina ƴan sanda suke. Washegari da safe mai motar ya nufi kasuwar kayan hannu, ya sami rediyo mai kyau a rabin kuɗinsa, babu kwali, babu resi, an gutsure wayoyinsa da almakashi, ya biya yana murna ya yi dace. Bai tambayi daga ina ya fito ba, domin ya san amsar. Wannan cinikin na safe shi ne ya biya ɓarawon daren jiya, kuma shi ne jarin fitar daren gobe.

Ɓarawon kayan mota ba don ya ji kiɗa yake ɗaukar rediyo ba. Yana ɗauka ne saboda ya tabbata kafin rana ta faɗi zai mayar da shi kuɗi. Shi ya sa abin da ake sata yake bin abin da kasuwa ke nema. A da rediyon kaset da na faifai ne. Yanzu manyan allunan nan ne masu Android da matasa ke ɗorawa, waɗanda sukurori kaɗan da ƴan maƙalai na roba ne kawai ke riƙe da su, ga lasifikoki da amfulifaya a bayan mota. Sai madubin gefe, fitilu, tayar safaya, da batir. Batir kuwa ya samu sabuwar daraja tun lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023, abin da ya tura gidaje da shaguna da yawa ga faifan hasken rana da batura. An maido da wutar a 2024, amma buƙatar ba ta koma inda take ba. Haka kuma rufe iyakar Benin ya sa kayan da a da ke shigowa daga tashar ruwan Kwatano ta Gaya suna zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada. Idan sabon kaya ya yi tsada, na hannu yana yin daraja, na sata kuma a cikin na hannu yake ɓuya.

Wannan ba yana nufin duk mai sayar da kayan hannu ɓarawo ne ba. Mafi yawan ƴan kasuwar Katako a Yamai da takwarorinsu na sauran garuruwa halaliyarsu suke nema, suna sayen motocin da suka yi hatsari ko suka mutu su kwance su, ko su shigo da kayan da aka yi amfani da su daga waje. Ƙasar da yawancin motocinta tsofaffi ne ba za ta rayu ba tare da su ba. Amma su ma sun san bambanci tsakanin kayan da suka zo cikin kwantena da wanda wani yaro ya kawo cikin buhu da asuba. Dokar hukunta laifuka ta Nijar, wadda asalinta ya koma 1961, ta ɗauki karɓa ko ɓoye kayan da aka san na sata ne a matsayin laifi mai zaman kansa. Matsalar ita ce jama'a ba su ɗauke shi laifi ba. Mutumin da zai ji kunyar a ce ɗansa ɓarawo ne, ba ya jin komai idan ya nuna wa abokansa allon da ya saya a kuɗin banza. Hausawa dai sun daɗe da cewa da ɗan gari akan ci gari.

To mai mota fa, me ke hannunsa? Abin mamaki, kuɗin da yawancin mutane ke kashewa wajen kariya suna tafiya ne ga abin da ya fi ƙarancin amfani, wato ƙararrawa. Duk wanda ya kwana a unguwar da ke da motoci ya san yadda take. Akuya ta goga jiki ta yi kuka, babbar mota ta wuce ta yi kuka, iskar hadari ta taso ta yi kuka. A mako na farko maƙwabta na leƙowa, a na uku sai tsaki. Ɓarawon da ya ƙware kuma ya san inda wayar jiniyar take. Ƙararrawa tana da ranarta idan mai motar yana kusa kuma zai fito, amma ba ita ce katangar da masu sayar da ita ke cewa ba.

Abubuwan da ke aiki ba su da kwarjini. Na farko, kada a bar abin gani. Jakar kwamfuta a kan kujera, wayar caji a maƙale, ambulan mai kama da na kuɗi, ko da takardun makaranta ne a ciki, duk gayyata ce. Kuma a ɓoye kayan tun kafin a iso wurin ajiye motar. Wanda ya tsaya a ƙofar banki ko kasuwa ya buɗe bayan mota ya saka jaka a gaban kowa, ya nuna wa mai kallo inda zai fasa ne kawai. Rediyoyin Pioneer, Sony, Kenwood ko JVC masu fuskar da ake cirewa an yi su ne don wannan matsala: idan babu fuskar, saura ƙarfe ne da ba ya sayuwa da daraja. Sai dai fuskar aljihu ake sa ta. Mutane da yawa na cire ta su jefa a ƙaramin akwatin gaban kujera, wurin da ɓarawo ke fara buɗewa. Mai allon Android kuwa, ya sa makaniki ya ɗaure shi da sukurori marasa kan da sukundireba ta kowa ke buɗewa, ya kuma riƙa rufe shi da ƙyalle. Kiɗa ma talla ne. Matashin da ya shigo layi gilasai na girgiza ya sanar da unguwa gaba ɗaya abin da ke bayan motarsa, har da wanda bai kamata ya sani ba.

Madubi da fitilu akwai masu zana lambar mota a jikinsu. Aikin ba shi da tsada, kuma yana rage musu daraja a hannun mai karɓar kayan sata, domin babu mai son ɗaura madubin da ke ɗauke da lambar motar wani. Batir kuma mai walda zai iya yi masa ƙarfe da kwaɗo. Ɓarawon irin waɗannan kaya da minti yake lissafi. Duk abin da zai ƙara masa minti biyar yana iya sa ya wuce.

Satar motar gaba ɗaya wani aji ne daban, kuma a nan tsufan motoci ne ke cutar masu su. A Tarayyar Turai tun 1998 aka wajabta wa sababbin motoci na'urar da ke hana inji tashi idan ba da makullinsa na asali mai guntun lantarki a ciki ba. Motoci da yawa da ke yawo a titunan Nijar, musamman tsofaffin Toyota Starlet da Corolla na ƴan tasi, sun girmi wannan doka, wasu kuma masu gyaran lantarki sun cire musu na'urar ranar da makulli ya ɓata. Irin waɗannan, haɗa waya biyu ya isa. Maganinsu mai arha ne: ɓoyayyen makunni da ke katse wutar famfon mai, wanda mai motar da mai gyaran da ya amince da shi kaɗai suka san wurinsa, sai sandar ƙarfen da ake kulle sitiyari da ita, wadda amfaninta na farko shi ne a hango ta daga waje. Masu sababbin Hilux, RAV4 da Land Cruiser su ma kada su saki jiki. A Turai da Kanada ɓarayi sun daɗe suna kama siginar makullin da ba a sokawa su buɗe mota, ko su toshe siginar rimot ta yadda mai mota zai danna ya tafi alhali ƙofa ba ta kulle ba. Jan hannun ƙofa bayan an danna rimot bai kai daƙiƙa biyu ba.

Na'urar GPS mai bin sawun mota tana da amfani, musamman a garuruwan da ke bakin iyaka. Daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya ba wata tafiya ba ce, Ƙonni kuwa tana kallon Illela. Motar da aka ɗauke da tsakar dare tana iya kwana a wata ƙasa. Amma na'urar da katin waya take aiki, na Airtel ne, Moov, Zamani ko Niger Telecoms, kuma katin da aka bari babu kuɗi yana mutuwa shiru. Mutum zai shekara yana jin motarsa na da tsaro, ranar da ya buɗe wayarsa don neman ta sai ya ga wurin da ta nuna na ƙarshe watanni shida ne da suka wuce. Idan kuma na'urar ta nuna inda motar take, aikin ƴan sanda ne ko jandarma su je, ba na mai mota da abokansa da sanduna ba.

Ƴan ci-rani suna da tasu matsalar. Wanda ke Libiya, Aljeriya, Abijan, Akara ko Turai ya tara guminsa na shekaru ya aiko a saya masa mota, ko ya zo hutu ya saya ya bar ta a gida. Motar nan takan zama ta kowa. Ƙane ya ɗauka, abokin ƙane ya ara, a kai ta wanki a bar makulli awa biyu a hannun wanda ba a sani ba, kuma yanka makullin tsohuwar mota ba ya ɗaukar lokaci. Ranar da ta ɓace, babu wanda ya san makulli nawa ne ke yawo, kart giriz kuma tana cikin motar ta tafi tare da ita. Mai motar da ke nesa ya kamata ya damƙa ta ga mutum ɗaya da sunansa, ya ajiye hoton takardunta a wayarsa, da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, da lambar jikin rediyon. Da wannan lambar shasi ake shigar da mota cikin rumbun motocin sata na Interpol, wanda Nijar da maƙwabtanta duk mambobinta ne. Lambar da ke rataye a gaba da baya kuwa minti biyar ya isa a canza ta.

Akwai kuma wani ruɗani game da asirans. Wadda doka ta wajabta, a ƙarƙashin dokar CIMA da Nijar ke bi tare da sauran ƙasashen yankin, tana biyan ɓarnar da motar ta yi wa wani ne. Ba ta biyan sata. Kariyar sata daban ake sayenta, kuma ko a nan kayan da mutum ya ƙara da kansa, irin allo da lasifika, sau da yawa ba sa ciki sai an rubuta su a yarjejeniya. Mutane da dama a ranar da aka yi musu sata suke fara jin wannan bayani.

Rashin zuwa komisariya shi ma yana taimakon ɓarawo. Hujjar kullum ita ce ɓata lokaci ne, ba za a samo komai ba. Sau da yawa gaskiya ne ba a samowa. Amma idan ƴan sanda suka kama gungu suka baje kayan a gaban ƴan jarida, rediyo da batura birjik, wanda ke da takardar ƙorafi da lambar kayansa ne kawai zai iya cewa wannan nawa ne. Kuma unguwar da ba a kai rahoton satarta ba, a kan takarda lafiya lau take, ba za a ƙara mata sintiri ba. Lambar 17 kyauta ce. Abin da bai kamata ya maye gurbin wannan ba shi ne dukan kawo wuƙa da ake yi wa wanda aka kama. Ban da cewa an sha dukan wanda bai ji ba bai gani ba, yaron da aka sumar a bakin titi ba zai faɗi wanda yake kai wa kayan ba, alhali wannan mutumin ne ya kamata a kama.

Hukumomin gari su ma da sauransu. A bakin manyan kasuwanni da asibitoci akwai samari masu gadin motoci da babura, wasu na ba da tikiti, wasu kwali kawai suke ɗorawa a gilashi su jira dala ashirin. Idan an fasa mota a gabansu, babu wanda ke da alhaki. Ma'aikatun magajin gari da ke karɓar haraji a waɗannan wurare za su iya yi musu rajista, su ba su riga da lamba da tikiti mai hatimi, su sa fitila. Za su iya kuma wajabta wa masu sayen kayan mota na hannu rubuta suna da lambar katin ɗan ƙasa na duk wanda ya kawo musu kaya. Littafi ɗaya da biro ne. Ɗan kasuwa na gaskiya ba ya asarar komai, yaron buhu kuwa zai yi tunani sau biyu.

A cikin unguwanni, mai gadi da ƴan fada da ke shan shayi har ƙarfe biyun dare sun fi kowace kyamara sanin baƙuwar fuska. Sai dai mai motar miliyan goma da ke biyan mai gadinsa ƙasa da mafi ƙarancin albashi na jika 42 a wata, kuma ba ya ko gaida samarin da ke zaune a ƙofar gidansa, shi ne zai fara tambayar ina suke lokacin da aka kwance masa batir.