Carol Schatz da farfaɗo da tsakiyar birnin Los Angeles

A ƙarshen shekara ta 2024 hukumar gundumar Los Angeles ta sayi wani bene mai hawa 52 da ake kira Gas Company Tower, a tsakiyar birnin, a kan kuɗi dalar Amurka miliyan 200. 'Yan shekaru ƙalilan kafin nan an ƙiyasta darajar benen a kan fiye da dala miliyan 600. Wannan faɗuwar farashi ta nuna halin da cibiyar birni na biyu mafi girma a Amurka ta shiga, kuma ta ba da damar auna aikin matar da ta shafe kusan shekaru 30 tana fafutukar raya wurin, wato Carol Schatz.

Schatz ta fara aiki da ƙungiyar Central City Association, wadda ke kare muradun 'yan kasuwa da masu gine-gine a tsakiyar birnin, a shekara ta 1990. A 1995 ta zama shugabarta, mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami tun kafa ƙungiyar a 1924. Ta karɓi ragamar ne a mawuyacin lokaci. Tarzomar da ta ɓarke a 1992, bayan wata kotu ta sallami 'yan sandan da suka lakaɗa wa wani baƙar fata mai suna Rodney King duka, ta zubar da mutuncin birnin a idon masu zuba jari, ga shi kuma manyan bankuna suna haɗewa da juna suna kwashe hedkwatocinsu.

Amma ciwon ya girmi wannan zamani. Tun bayan yaƙin duniya na biyu manyan hanyoyin mota suka janye masu hali da kantunansu zuwa unguwannin da ke kewayen birni. Daga baya hukuma ta rushe tsohuwar unguwar Bunker Hill, ta tashi dubban talakawan da ke cikinta, aka kafa dogayen benayen ofisoshi a wurin. Sakamakon shi ne gari mai cika da rana, wanda da zarar magariba ta yi sai ya zama kufai. Ko da yake wannan siffa ba ta game ko'ina ba, domin a duk tsawon shekarun titin Broadway bai rabu da cinkoson masu saye da sayarwa 'yan asalin Latin Amurka ba. Masu cewa gari ya mutu sau da yawa suna nufin masu kuɗi ne suka ƙaurace masa.

Dokar da ta sauya al'amura

Hujjar Schatz da abokan tafiyarta ita ce ofis kaɗai ba ya raya gari, sai an sami mutanen da ke kwana a cikinsa, masu buƙatar kanti da gidan abinci da makaranta. A lokacin mazauna tsakiyar birnin ba su wuce kimanin 18,000 ba, bisa ƙididdigar da ƙungiyoyin 'yan kasuwar ke bayarwa, alhali kuwa ga tsofaffin benayen bankuna da kamfanoni na farkon ƙarni na 20 a tsaye babu kowa a samansu.

Abin da ya hana a mai da su gidajen zama shi ne ƙa'idojin gini. Duk wanda ya so yin haka sai ya tanadi sabbin wuraren ajiye motoci, ya kuma bi dogon layin neman izini, abin da ke cinye ribar tun kafin a fara aiki. Ƙungiyar Schatz ta yi ta kamun ƙafa a majalisar birni har aka zartar da wata doka a 1999, wadda ta ɗauke wa gine-ginen da aka yi kafin 1974 yawancin waɗannan sharuɗɗa. Ba wani makudan kuɗi gwamnati ta fitar ba, shinge kawai ta janye. Wani mai harkar gine-gine, Tom Gilmore, shi ya fara gwada dokar da wasu tsofaffin benaye a unguwar bankuna ta da, kuma da aka ga haya ta karɓu sai saura suka biyo baya. An ƙiyasta cewa dokar ta samar da gidaje fiye da 12,000.

A wannan shekara ta 1999 aka buɗe babban zauren wasanni na Staples Center, wanda tun 2021 ake kira Crypto.com Arena, sai zauren kaɗe-kaɗe na Walt Disney a 2003. Ga mazauna wurin kuwa, buɗe babban kantin kayan abinci na Ralphs a 2007 ya fi waɗannan muhimmanci, domin rabon kamfanin da tsakiyar birnin tun 1950.

Makami na biyu da Schatz ta riƙe shi ne wata hukuma ta masu gine-gine da ta kafa a ƙarshen shekarun 1990, ƙarƙashin wata dokar jihar Kalifoniya ta 1994. Masu gine-ginen yanki su ne ke amincewa a ɗora musu ƙarin haraji, hukuma ta karɓa tare da harajin gidaje, sannan ta miƙa wa ƙungiyarsu domin ta ɗauki masu shara da masu gadi, ta kuma tallata unguwar. Ma'aikatanta masu riguna ruwan shunayya sun zama sanannu a titunan yankin. To sai dai a wannan tsari nauyin ƙuri'ar mutum gwargwadon kuɗin da yake biya ne, ɗan haya kuwa da mai kwana a titi ba su da ta cewa.

Maƙwabtan da aka bari a baya

Nan ne sukar da ake yi wa Schatz ta fi ƙarfi. Tafiyar 'yan mintoci daga sabbin gidajen akwai unguwar Skid Row, inda tun shekarun 1970 hukumomi suka tattara gidajen agaji da marasa matsuguni wuri guda, kuma har yau dubban mutane ke kwana a tantuna da gefen titi. Yayin da unguwar ta yi daraja sai masu ƙananan otal-otal masu arha, waɗanda su ne mafakar ƙarshe ga matalauta, suka fara sha'awar mai da su gidajen masu hali, har sai da majalisar birni ta taka musu birki a 2006.

A wannan shekara ce magajin gari Antonio Villaraigosa da shugaban 'yan sanda William Bratton suka tura ƙarin 'yan sanda 50 zuwa Skid Row, da goyon bayan ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Wani bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya gano an rubuta takardun tara kimanin 12,000 a shekarar farko, akasari a kan ƙananan laifuka irin su tsallaka titi ba bisa ƙa'ida ba. Masu kare haƙƙin matalauta sun ce an mai da talauci laifi. 'Yan kasuwa kuma suka ce babu tausayi a bar mutane su mutu a kan titi a hannun dillalan ƙwaya. Ko wane ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma abin da ba ya da musu shi ne dokar 1999 ba ta tilasta wa kowa ware gidaje masu rahusa ba, kuma gidajen da ta haifar ba na mazauna Skid Row ba ne.

Schatz ta sauka daga shugabancin ƙungiyar a 2016, ta kuma bar hukumar masu gine-ginen a 2018, lokacin da tsakiyar birnin ke tashen da bai taɓa yi ba a zamanin nan. Ba a jima ba al'amura suka juya. A 2019 wani kamfanin ƙasar Sin ya dakatar da aikin benaye uku na Oceanwide Plaza saboda rashin kuɗi, kuma a farkon 2024 masu zane da fenti suka haye su suka cika su da rubuce-rubuce. A watan Janairun 2024 aka yanke wa José Huizar, tsohon ɗan majalisar da ke wakiltar yankin, ɗaurin shekaru 13 saboda karɓar cin hanci daga kamfanonin gine-gine. Annobar korona kuma ta koya wa ma'aikata aiki daga gida, har ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ofisoshin yankin ba su da 'yan haya a 2024.

A cikin wannan koma-baya, ɓangaren da ya fi jurewa shi ne wanda Schatz ta fi dogara da shi. Yawan mazauna tsakiyar birnin ya ninka fiye da sau huɗu a kan na 1999, kuma gidajen haya sun ci gaba da cika yayin da ofisoshi ke zama fayau. Wannan ne ya sa hukumomin Los Angeles da na wasu biranen Amurka suka sake waiwayar dabarar mai da ofisoshi gidaje. Sai dai aikin ya fi na da wuya. Tsofaffin benayen bankuna sirara ne masu tagogi da yawa da ake iya buɗewa, su kuwa dogayen benayen gilashi na shekarun 1980 faɗinsu ya yi yawa, hasken rana ba ya kai wa tsakiyarsu, kuma gyaransu na cin kuɗi ƙwarai. A 2028 ne Los Angeles za ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, kuma za a yi wasu daga cikinsu a zauren Crypto.com, daura da benayen Oceanwide.