Rumfunan bakin kogi na garin Ware

Ware wani tsohon gari ne na ƙasar Ingila, arewa da birnin Landan. Kasuwarsa tana ci ran Talata. Kogin Lea ya ratsa garin, ya gangara har Landan. A da, jiragen ruwa suna ɗaukar sha'ir daga Ware su kai birni.

Garin yana kan babbar hanyar arewa. Matafiya masu keken doki suna yada zango a nan. Saboda haka masaukai suka yi yawa a bakin hanya. Bayan gidajen kuwa akwai dogayen lambuna da suka kai har bakin ruwa. A ƙarshen lambu sai maigida ya gina ƴar rumfa ta jan bulo ko ta katako, mai rufi da tagogi. Nan ake zama a sha iska, nesa da ƙura da hayaniyar hanya. Yawancinsu an gina su a ƙarni na 18 da na 19.

A shekarar 1843 jirgin ƙasa ya iso Ware. Keken doki ya ja baya, masaukai suka rage. Sannu a hankali aka yi sakaci da rumfunan. Waɗansu suka ruɓe, waɗansu suka rushe. A shekarun 1980 hukuma da mutanen gari suka haɗa kuɗi, suka gyara waɗanda suka saura.

Wani zai ce ɓarnar kuɗi ce. Ba a kwana cikin rumfa, ba a ajiye hatsi. Kuma tana cikin lambun mutum ɗaya. Wannan magana tana da ƙarfi, amma mutanen Ware sun yi daidai.

Rumfa ta mai lambu ce, amma kyan bakin kogi na kowa ne. Duk wanda ya bi ɗaya gaɓar yana ganinsu ba tare da ya biya ko dala ba. Yaron da ya gan su zai tambaya: wa ya gina su, don me? Ta haka zai san tarihin garinsu.

Rufin da ke yoyo ana iya gyara shi da kuɗi kaɗan. In an bari gini ya faɗi, sai dai a yi sabo, sabo kuwa ba ya da tarihi. Gyaran tsohon gini tun yana tsaye ake yinsa.