Farfaɗowa ko Jaddadawa? Kalma Ɗaya Tsakanin Fulorans da Sakkwato

Ɗaliban Hausa na Adjamé da Treichville, da yake karatunsu na boko da Faransanci ne, suna jin abin da ke cikin kalmar Renaissance fiye da takwarorinsu na Kano, domin a Faransanci ma'anarta a fili take: sake haihuwa. Sai dai idan aka zo fassara ta, galibi "farfaɗowa" ake ɗauka, kuma a nan gizo ke saƙa. Ba a farfaɗowa sai an suma. Wanda ya zaɓi kalmar ya riga ya yanke wa ƙarnonin da suka gabata hukuncin suma, ko ya sani ko bai sani ba.

Wannan hukunci yana da mai shi. Giorgio Vasari ne, a littafinsa na tarihin masu zane da sassaƙa da gini wanda ya fito a 1550, ya yaɗa labarin cewa fasahar Girka da Rum ta mutu a hannun Gotawa, sannan aka sake haihuwarta a Italiya. Vasari kuwa mutumin yankin Taskani ne, kuma gwanayensa 'yan gida ne. Sunan Faransancin bai kafu a kan zamanin ba sai da Jules Michelet ya yi amfani da shi a 1855.

Ayyukan da kansu ba su goyi bayan labarin ba. Ƙubbar babban cocin Fulorans, wadda Filippo Brunelleschi ya gina daga 1420 zuwa 1436, ita ake nunawa a matsayin mafarin sabon zamani. Amma ƙubbar Pantheon ta Rum kamar rabin ƙwarya take, ta Fulorans kuwa mai tsini ce, kuma magina sun tsayar da siffarta tun 1367, a cikin zamanin da aka kira na duhu. Littafin Vitruvius kan gini, wanda Poggio Bracciolini ya ci karo da kwafinsa a St. Gallen wajen 1416, ruhubanawan wancan zamani ne suka kwafe shi suka adana. Da Lorenzo Ghiberti ya zo bayanin yadda ido ke gani, ginshiƙin dabarar zana nesa da kusa, sai ya jingina da Ibn al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040.

Ga ɗalibin Hausa, batun ya fi tsamari a gida. Malaman jihadin 1804 su ma sun waiwayi tsohon ma'auni. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ambata cewa ya karanta Ishiriniya da waƙoƙin mawaƙan Jahiliyya shida a wurin yayansa Shehu Usmanu, kuma ƙasidunsa da ke cikin Tazyinul Waraƙat na 1813 suna bin tsarin tsohuwar ƙasidar Larabawa, har da tsayawa a kufai. Ta wannan ƙofa karuruwa irin su Kamil da Basiɗ da Wafir, da amsa-amo da tahmisi, suka zauna daram a rubutacciyar waƙar Hausa, a hannun Nana Asma'u da Isa ɗan Shehu da waɗanda suka biyo su. Kamar magina na Fulorans, sun aro awo daga nesa suka gina abin da masu awon ba su taɓa gani ba: waƙar ajami da Hausa da Fulatanci, wadda mata ke rerawa a cikin gida.

Kuskuren da ake yi a takardun jarrabawa shi ne a ɗauko labarin Vasari a jibga wa wannan tarihi, a rubuta cewa ƙasar Hausa tana cikin duhun jahilci har zuwa 1804. To ina za a kai Ɗan Masani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, ya kuma yi sharhi a kan ita wannan Ishiriniya da Abdullahi ya karanta bayansa da fiye da shekara ɗari? Ina za a kai Ɗan Marina, ko Muhammadu al-Kashinawi masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741, ko zuwan al-Magili Kano a zamanin Muhammadu Rumfa? Abin da Shehu ya yaƙa shi ne zalunci da bidi'a da gurɓata addini da al'ada, kuma da ilimin da ya gada ya yaƙe su. A nan ma malaman Sakkwato sun fi Vasari adalci. Abdullahi ya ware littafi guda, Ida'un Nusukh, don jero malamansa, Muhammadu Bello kuma ya lissafo malaman Borno da Ahir da ƙasar Hausa da suka gabace su a Infaƙul Maisur na 1812.

Ana iya cewa "farfaɗowa" ta riga ta kama baki, kuma ita ta fi kusa da abin da masu sunan suka nufa. Haka ne, shi ya sa ta dace a matsayin laƙabin da Turawa suka ba zamaninsu, muddin ɗalibi ya san da'awa ce ta masu ita. Amma idan bayanin abin da ya auku ake so, Hausa tana da "jaddada", wadda ta fito daga tushe ɗaya da Mujaddadi, laƙabin Shehu. Abin da ake jaddadawa yana nan da ransa, ƙarfi kawai ake ƙara masa, kamar yaɓen da ake sabunta wa soro kafin damina.